Dizal Ɗin Turai Ko Fetur: Abin Da Maguɗin Volkswagen Ke Nufi Ga Mai Sayen Mota Tokumbo

Duk wanda ya shiga kasuwar motocin tokumbo da kuɗin mota ɗaya, ko a Legas ko Kwatano ko Lome, ko wajen dillalan Kano da Maraɗi, zai iya cin karo da wannan zaɓi: dizal ɗin Turai ko fetur. Ga Passat ko Golf ko Audi A4 mai tambarin TDI a bayanta, wato alamar injin dizal, ƙirar 2010 zuwa 2014, jiki sumul, kujeru kamar ba a taɓa zama a kansu ba, kuma sau da yawa farashinta bai kai na Camry ko Accord tsararta mai shan fetur ba. Dillali zai ce maka, "Alhaji, wannan ba ta shan mai. In ka cika tanki sai ka manta hanyar gidan mai." Bai yi ƙarya ba. Sai dai waɗannan motoci su ne 'yan zamanin da aka kama Volkswagen da maguɗin gwajin hayaƙi, kuma abin da ya biyo baya yana taɓa aljihunka da ƙirjin 'ya'yanka kai tsaye.

Ra'ayina shi ne mai zirga-zirgar cikin gari ya sayi fetur. Dizal ta dace da mai doguwar hanya kawai, shi ma da sharuɗɗa. Ba don masu ƙera motocin fetur sun fi amana na faɗi haka ba, za mu zo wurin.

Yadda aka yi maguɗin

Injin dizal yana ƙona mai da matsi mai ƙarfi da iska mai yawa da zafi mai tsanani. Wannan ne sirrin tsimin mansa, kuma shi ne yake sa ya fitar da iskar naitirojin oksaid, wadda ake taƙaitawa NOx. Iska ce da ke tayar da asma, tana kumbura hanyoyin numfashi, ta fi illa ga yara da tsofaffi. Rage ta yana da tsada ta kowace hanya aka bi. Ko a mayar da wani kaso na hayaƙin cikin injin ta bawul ɗin EGR, wanda ke ƙara baƙin toka. Ko a kama iskar a cikin salansa a riƙa ƙona ta da ƙarin mai, tsimin ya ragu. Ko a riƙa fesa ruwan AdBlue cikin hayaƙin, wanda ke buƙatar tanki na daban da famfo da kuɗin saye.

Volkswagen tana son sayar wa Amurkawa ƙananan motocin dizal masu arha, masu ƙarfi, masu tsimi, kuma masu tsabta. Da injiniyoyi suka ga abubuwan huɗu ba za su haɗu a injin dizal ɗin kamfanin mai suna EA189 ba, sai aka sa wata manhaja cikin ƙwaƙwalwar motar. A ɗakin gwaji, tayoyi suna juyawa a kan na'ura, sitiyari ba ya motsi, gudun kuma yana bin wani tsari sananne. Da manhajar ta gane haka sai ta kunna duk na'urorin tace hayaƙi. Da motar ta hau titi sai ta sassauta su. Daidai da mai hatsin da ke da mudu biyu, na nuna wa hukuma daban, na auna wa talaka daban.

Wata ƙaramar ƙungiyar bincike mai suna ICCT ce ta ba masana a Jami'ar West Virginia aikin auna hayaƙin motoci uku a kan titi. A 2014 sakamako ya fito: Jetta tana fitar da ninki 15 zuwa 35 na abin da doka ta yarda, Passat ninki 5 zuwa 20, BMW X5 kuwa galibi tana cikin ƙa'ida. Kamfanin ya shafe sama da shekara yana kawo wa hukumomi uzurori na fasaha. Ranar 18 ga Satumba 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta fasa ƙwai. Cikin kwanaki kamfanin ya amsa cewa motoci miliyan 11 ne ke ɗauke da manhajar a duniya, har da na rassansa Audi da Skoda da Seat, kuma shugabansa Martin Winterkorn ya sauka ranar 23 ga watan.

Laifi ɗaya, hukunci biyu

Nan ne mai saye ya kamata ya buɗe ido, domin motar da ta fito daga Amurka da wadda ta fito daga Turai ba tarihi ɗaya suka biyo ba, ko da sunansu ɗaya.

A Amurka motocin ba su kai 600,000 ba, amma can kamfanin ya ji jiki. A 2016 ya amince da yarjejeniyar da ta kai dala biliyan 14.7. Kusan biliyan 10 na sake sayen motocin ne daga hannun masu su da biyan su diyya, kowa tsakanin dala 5,100 zuwa kusan 10,000 ban da kuɗin motar. Biliyan 2.7 na gyara ɓarnar da aka yi wa iska, biliyan 2 na kafa wuraren cajin motocin lantarki. A farkon 2017 kamfanin da kansa ya amsa laifi, ya ƙara biyan dala biliyan 4.3. An ɗaure injiniya James Liang wata 40. An kama Oliver Schmidt, wanda ya taɓa riƙe ofishin hulɗar kamfanin da hukumomin muhalli a Amurka, a filin jirgin Miami, aka yanke masa shekara bakwai. Dubban ɗaruruwan motocin da aka sake saye aka jibge su a filaye, har da hamadar Kalifoniya, kuma yarjejeniyar ta haramta a sayar da su ko a fitar da su waje sai an yi musu gyaran da hukuma ta amince da shi. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya fi shafar mu.

A Turai motocin sun kai miliyan 8.5, fiye da ninki goma na Amurka, amma babu maganar sake saye. Hukumar kula da motoci ta Jamus ta ba da umarnin a dawo da miliyan 2.4 a gyara. Gyaran na injin lita 2.0 da 1.2 sauya manhaja ne kawai, na 1.6 kuma aka ƙara wata 'yar ragar roba a bututun shigar iska. Tarar da masu gabatar da ƙara na birnin Braunschweig a Jamus suka ci kamfanin a 2018 yuro biliyan 1 ce, kuma yadda aka rarraba ta abin lura ne. Dokar Jamus ba ta gurfanar da kamfani a matsayin mai aikata babban laifi kamar yadda ake gurfanar da mutum, don haka ainihin tarar yuro miliyan 5 ce kacal, sauran miliyan 995 ƙwace ribar da aka ci ne. Kuɗin kuma suka shiga baitulmalin jihar Lower Saxony, wadda ita kanta ke riƙe da kashi 20 cikin 100 na ƙuri'un masu hannun jari a Volkswagen. Gwamnatin da ke cin riba a kamfani, kuma dubban masu zaɓenta suna karɓar albashi a wurinsa, da wuya ta ɗaga masa sanda da ƙarfi.

Masu motoci a Jamus sai da suka yi shekara biyar suna bin kotu. A 2020 aka yi sulhu na yuro miliyan 830, kowa ya samu tsakanin 1,350 zuwa 6,257. A watan Mayun shekarar babbar kotun tarayya ta yanke cewa kamfanin ya cuci masu saye da gangan, amma za a cire kuɗin tafiyar da mutum ya riga ya yi da motar. Tsohon shugaban Audi, Rupert Stadler, ya amsa laifi a 2023, aka yi masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka na shekara ɗaya da wata tara da biyan yuro miliyan 1.1. Sai a Mayun 2025, kusan shekara goma da tonuwar asirin, kotu a Braunschweig ta samu tsofaffin manajoji huɗu da laifi, biyu aka tura su kurkuku. Shari'ar Winterkorn ta fara a Satumban 2024, aka dakatar saboda rashin lafiyarsa.

Abin da ke ci mini rai a nan shi ne diyyar ta bi ƙarfin doka, ba girman ɓarna ba. Masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun ƙiyasta cewa hayaƙin da ya wuce ƙa'ida daga motocin da aka sayar a Jamus kaɗai tsakanin 2008 da 2015 zai jawo mutuwar mutane kusan 1,200 kafin lokacinsu a Turai. Duk da haka mai mota a Amurka ya fi mai mota a Jamus samun hakkinsa nesa ba kusa ba. Kai kuwa da za ka sayi motar a hannu na uku ko na huɗu, babu sunanka a ko'ina. Kotun Jamus ta riga ta yanke cewa wanda ya saya bayan labarin ya bazu a kakar 2015 ba shi da diyyar wannan maguɗi. Ƙarin garantin da aka ba motocin Amurka bayan gyara kuwa, wajen dilolin can ake cin moriyarsa.

Motar da za ta iso hannunka

TDI ɗin da ta fito daga Amurka, in tana cikin waɗanda aka sake saye, an yi mata gyara na gaske, wasu har da sauya kayan salansa, kuma ana iya tabbatarwa da lambar shasi da 'yar takardar da ake liƙawa a ƙarƙashin bonet. Ta fi tsabta. Amma tsabtar tana da farashi: wasu sun ɗan ƙara shan mai, masu amfani da AdBlue kuma sun ƙara shan ruwan. In ruwan ya ƙare, motar tana ƙirga maka sauran tafiya a allon gabanka, in ya kai sifiri kuma ka kashe ta, ba za ta sake tashi ba. Ka tambayi kanka inda za ka samu AdBlue mai kyau tsakanin Gusau da Sakkwato.

Ta Turai kuwa kashi biyu ce. Wadda ba a gyara ba tana nan da tsiminta da ƙarfinta da kuma hayaƙinta na asali. Wadda aka gyara, bawul ɗin EGR ɗinta yana aiki fiye da da, kuma masu motoci da yawa, musamman a Birtaniya, sun koka cewa bayan gyaran bawul ɗin yana toshewa, mota ta rasa ƙarfi tana tsakiyar tafiya. Kamfanin ya musanta cewa gyaran ne sanadi, amma ya ɗauki nauyin sauya wasu kayan na wani lokaci, lokacin da ya daɗe da wucewa. Gwaje-gwajen da masu zaman kansu suka yi sun nuna hayaƙin ya ragu, amma a kan titi bai sauko zuwa ƙa'idar hayaƙi ta Turai mai suna Euro 5, wato miligiram 180 na NOx a kowace kilomita, ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa irin waɗannan motoci suka yi arha. A Jamus, Hamburg ta fara hana tsofaffin dizal bin wasu tituna a 2018, Stuttgart ta biyo baya a 2019, darajarsu ta faɗi, masu su suka rabu da su. Da yawa sun nufi gabashin Turai, kuma duk motar da ta tsufa a can hanyarta ta gaba sananniya ce. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Japan da Amurka sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kashi 40 cikin 100 suka zo Afirka.

Mai da bakanike

Ko da babu maguɗi, dizal ta zamani mota ce mai zaɓen abinci. An ƙera ta ne don man Turai da sulfa ɗinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta auna man da ake sayarwa a gidajen mai na ƙasashen Afirka takwas, ta samu dizal da ya ninka ƙa'idar Turai har sau 378. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da kashi 50 cikin miliyan da kuma ma'aunin Euro 4 ga motocin da ake shigowa da su, matatar Ɗangote ma ta fara fitar da dizal a 2024. An samu ci gaba. Amma abin da aka rubuta a takarda daban, abin da ke cikin tankin gidan man da ke bakin hanya daban, balle man jarka da aka gauraya da kananzir ko ruwa ya shiga.

Ga abin da ke faruwa a aikace. Motocin Euro 5 suna da matatar toka a cikin salansa, wadda ake kira DPF. Tana tara baƙin toka, in ta cika sai motar ta ƙona shi da kanta, amma sai an yi tafiya mai ɗan tsawo da gudu ba tsayawa. Mai kai yara makaranta ya wuce ofis ya dawo cikin cunkoso ba ya ba ta wannan dama. Fitila za ta kama a allo, mota ta ƙi wuce wani gudu, man da bai ƙone ba ya riƙa sauka cikin baƙin mai yana tsinka shi. Ka kai ta gareji, mafi yawan lokuta shawarar ɗaya ce: a kwance salansa, a sa ƙarfe a farfasa abin da ke ciki, a toshe EGR, a nemo mai kwamfuta ya goge fitilar. Motar za ta tashi garau. Daga ranar kuma ba NOx kaɗai take fitarwa ba, har da tokar da ke shiga can cikin huhu, kuma a ƙofar gidanka ake ɗumama ta kowace safiya. Abin da kamfanin ya yi a ɓoye aka ci shi tarar biliyoyi, mu muna ƙarasa shi a fili da guduma, babu mai tambaya.

Babbar asara kuma tana wajen famfon mai. Famfon matsi na waɗannan injina da man dizal ɗin kansa yake samun santsi. In man ya gurɓata sai ya cinye kansa, garin ƙarfe ya bi bututu ya shiga injektoci huɗu da tanki. A nan ba abu ɗaya za ka sauya ba, layin man ne gaba ɗaya, kuma kuɗin na iya cinye duk rangwamen da ka samu ranar saye.

Motar fetur ta Japan ko Koriya ta wannan zamani ba ta da wannan jerin buƙatu. Tana jure man da bai cika kyau ba, kayanta suna ko'ina daga Ladipo zuwa Ƙofar Ruwa, kuma yaron gareji ma ya san cikinta. Ƙa'idar NOx ɗinta miligiram 60 ce, kuma fetur ya fi riƙe ƙa'idarsa a kan titi muddin na'urar tace hayaƙin tana nan. Wannan muddin ɗin babba ne. Abin da makanikai ke kira indomi, wato saƙar da ke cikin tukunyar salansa, yana ɗauke da ƙarafa masu tsada, shi ya sa ake cire shi tun kafin mota ta bar tashar ruwa ko a gareji mai ita bai sani ba. Fetur da aka cire wa indomi ita ma mai guba ce, kuma tana ƙara shan mai.

Babu kamfanin da za a rantse a kansa

Kada wani ya ɗauka sayen motar Japan ko Amurka tsira ce daga masu maguɗi. Daimler mai Mercedes ta biya tarar yuro miliyan 870 a Jamus a 2019, sannan dala biliyan 1.5 ga hukumomin Amurka a 2020. Fiat Chrysler ta yi sulhun kusan dala miliyan 800 a 2019, ta amsa laifi a 2022. Bosch, wadda ta samar da ƙwaƙwalwar injinan, ta biya yuro miliyan 90. Cummins mai ƙera injina a Amurka ta amince da dala biliyan 1.675 a ƙarshen 2023 kan motocin Ram. Mitsubishi ta amsa a 2016 cewa ta yi aringizon alƙaluman tsimin mai, Hyundai da Kia sun biya tara a Amurka a 2014 kan zuzuta nasu. Gidan Toyota ma bai kuɓuta ba: reshenta na manyan motoci, Hino, ya amince da sama da dala biliyan 1.6 a farkon 2025 kan bayanan hayaƙi na ƙarya, kuma a Janairun 2024 Toyota ta dakatar da fitar da wasu motoci na ɗan lokaci, har da Hilux da Land Cruiser 300 da Hiace, saboda an samu coge a gwajin ƙarfin injinansu na dizal. In ka duba jerin da kyau za ka ga maguɗin hayaƙi kusan duk a dizal ya taru, domin a can ne tazarar da ke tsakanin abin da doka ke nema da abin da injin zai iya bayarwa cikin arha ta fi faɗi.

Lissafin kuɗi, da wanda dizal ta dace da shi

Dizal tana rage shan mai da kusan kashi 20 zuwa 30 cikin 100 idan aka gwada ta da fetur mai girma ɗaya. A Najeriya an daɗe da sakin farashin dizal, ko gas kamar yadda muke kiransa, shi ya sa shekaru da yawa ya fi fetur tsada sosai. Cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya rage tazarar. Lissafin mai sauƙi ne: ka dubi allon gidan mai a garinku, in litar gas ta ɗara ta fetur da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, akasarin tsimin ya tafi, saura tsadar gyara. Mutanen Nijar su yi nasu lissafin da farashin gazuwal na can. Ka haɗa da ranar sayarwa, domin Corolla tana samun mai saye cikin mako, TDI kuwa sai ka jira wanda ya san ta.

Wanda ke bin Kano zuwa Abuja ko Zinder zuwa Yamai a kai a kai, yana da gidan mai ɗaya ko biyu da ya amince da su, kuma ya san bakaniken da ke da na'urar karanta ƙwaƙwalwar motocin Jamus, shi dizal za ta iya yi wa riba, doguwar hanyar ma tana wanke masa DPF. A wurinsa zan fifita wadda aka gyara kuma kayan salansarta suna nan cikakku, ko ta Amurka mai shaidar gyara ko ta Turai mai hatimin gyaran a littafin sabis, a kan wadda aka riga aka yashe cikinta, ko da ta fi tsada. Ya nemi lambar shasi kafin ya biya ko sisi, ya duba ta a shafin kamfanin. Ya sa a ɗaga motar a duba ko an yanka tukunyar salansa an sake walda. Ya sa yatsa a bakin salansar bayan ta huce: dizal mai DPF lafiyayye ba ta barin baƙin toka mai kauri a wurin, in yatsan ya fito baƙi ƙirin, to ko matatar ta fashe ko an cire ta. Sannan a karanta ƙwaƙwalwar a ga yawan tokar da ta taru da kuma lokacin da motar ta ƙona ta na ƙarshe. In na'urar ta nuna babu wannan bayani sam, an goge shi ne, kuma dillalin ya rage kuɗin sabuwar matata daga farashin ko a bar masa motarsa.